Iyaye da Kujerun Kwamitin Makarantu na Birnin Boston

Daga cikin al'adun mulki da mutanen Amurka suka gada tun kafin ƙasarsu ta sami 'yancin kai, akwai wata wadda baƙo ba ya saurin lura da ita, domin ba ta da hayaniya irin ta zaɓen shugaban ƙasa, alhali kuwa ita ce ta fi kusa da ƙofar gidan talaka, wato al'adar nan ta sanya makarantun gwamnati na kowane gari ƙarƙashin wani ɗan kwamiti da mutanen garin suke zaɓa da ƙuri'arsu, wanda kuma kowane baligi mazaunin garin, ko da bai taɓa riƙe alli a gaban allo ba, yana da ikon tsayawa neman kujera a cikinsa. Wannan kwamiti shi ke naɗa shugaban makarantu, shi ke tsara yadda za a kashe kuɗi, shi ke yanke inda za a gina sabuwar makaranta da wadda za a rufe, shi ne kuma ke shata iyakar da za ta nuna ɗan wace unguwa zai zauna a wane aji. Gundumomin makarantu a Amurka sun haura 13,000, kuma galibinsu ta hanyar zaɓe ake cika kujerunsu. Don haka ba shekarar da za ta wuce ba a ga wata uwa ko wani uba sun buga takarda suna bi gida gida, suna cewa 'ya'yansu na cikin makarantun nan, sun ga abin da ya lalace, a ba su dama su gyara.

Wanda yake son ya gane asalin wannan al'ada da kuma iyakar amfaninta, ba shi da wurin dubawa da ya fi birnin Boston na jihar Massachusetts, domin a wannan yanki aka haife ta, a nan ta yi tashe, a nan kuma aka wayi gari an karɓe ta daga hannun jama'a.

Turawan da suka kafa Boston a 1630 Kiristoci ne masu tsananin riƙon addini waɗanda suka yi hijira daga Ingila, kuma a aƙidarsu mutumin da bai iya karanta Littafinsu da kansa ba, imaninsa yana cikin haɗari. Shekara biyar kacal da saukarsu, a 1635, taron mutanen gari ya roƙi wani mai suna Philemon Pormort ya zama malamin yara, kuma makarantar da ta tsiro daga wannan shawara, wato Boston Latin, tana nan har yau. A 1647 hukumar yankin ta kafa doka cewa duk garin da ya kai gida 50 wajibi ne ya ɗauki malamin karatu da rubutu, wanda ya kai gida 100 kuma ya buɗe makarantar da za ta shirya yara shiga jami'a, garin da ya yi sakaci a ci shi tarar fam 5. Hujjar da aka gabatar a farkon dokar kuwa ita ce wai babban makircin Shaiɗan shi ne ya hana mutane sanin nassi. Abin lura a nan shi ne inda aka ɗora nauyin: a kan gari aka ɗora shi, mutanen gari ke tara kuɗin, su ke zaɓen malamin, su ke korarsa. Da farko dattawan da ke gudanar da sauran al'amuran gari su ke haɗawa da makaranta, har aiki ya yi musu yawa. A 1789 Boston ta kafa kwamiti na musamman wanda kowace unguwa take zaɓen wakilinta a ciki, a wannan tsari ne kuma aka fara karɓar 'yan mata, ko da yake daga Afrilu zuwa Oktoba kaɗai aka yarje musu zuwa.

To, amma kafin iyaye marasa galihu su kai ga zama a kan waɗannan kujeru, sun daɗe suna tsaye a gabansu suna kai kuka. Benjamin Roberts baƙar fata ne mai sana'ar ɗab'i, kuma 'yarsa Sarah, mai shekara biyar, sai ta wuce makarantu biyar na farar fata kafin ta isa wadda aka keɓe wa irinta. Ya nemi a karɓe ta a ta kusa da gida aka ƙi, da ta shiga kuma aka fitar da ita. Sai ya kai birnin ƙara, lauyoyinsa su ne Charles Sumner, wanda daga baya ya shahara a majalisar dattawa, da Robert Morris, ɗaya daga cikin baƙar fata na farko da suka zama lauyoyi a ƙasar. A 1850 babban alƙalin jihar, Lemuel Shaw, ya yanke hukunci cewa kwamiti yana da hurumin raba yara yadda ya ga maslaha. Iyayen ba su karaya ba, suka koma ga majalisar dokokin jiha da takardun koke masu ɗauke da sa hannun jama'a, har a 1855 aka haramta raba yara bisa launin fata a makarantun Massachusetts. Sai dai hukuncin Shaw bai mutu ba: a 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta kafa hujja da shi lokacin da ta halatta wariya a shari'ar Plessy, wadda ta yi mulki har 1954.

Bayan shekara huɗu da dokar 1855 wani uban ya sake karo da makarantun birnin, wannan karon a kan addini. A watan Maris na 1859, a makarantar Eliot, aka umarci wani yaro ɗan Katolika mai shekara goma, Thomas Whall, ya karanta Dokoki Goma bisa lafazin 'yan Furotesta, shi kuwa mahaifinsa ya riga ya hane shi. Da ya ƙi, mataimakin shugaban makarantar ya riƙa tsula masa tsumagiya a tafin hannu wajen rabin sa'a har hannuwan suka fashe. Yara ɗaruruwa suka bi sahunsa aka sallame su, uban ya kai ƙara, kotu ta wanke malamin. Darasin da 'yan Katolika, galibinsu baƙin haure daga Ailan, suka ɗauka daga wannan waƙi'a iri biyu ne: su gina makarantun cocinsu, su kuma yi amfani da yawansu su kama kwamitin. Duka biyun sun yi, kuma duka biyun za su dawo cikin wannan tarihi bayan shekara ɗari.

Mata kuwa ta ƙofar makaranta suka fara shiga siyasar jihar. A 1873 aka zaɓi mata huɗu, cikinsu da Abby May da Lucretia Crocker, amma mazan kwamitin suka hana su zama, suna cewa doka ba ta san da mace a wannan muƙami ba, sai da majalisar jiha ta yi doka a 1874, a zaɓen da ya biyo baya kuma mata shida suka shiga. A 1879 aka ba mata ikon jefa ƙuri'a a zaɓen kwamitin makarantu kaɗai, shekara 41 kafin su sami cikakken iko a ƙasa baki ɗaya, bisa hujjar cewa tarbiyyar yara aikin uwa ne, don haka ba laifi ta sa baki a nan ko da an rufe mata sauran ƙofofi. Wanda ya zaci shigowar iyaye mata za ta sanyaya al'amura, 1888 ta ba shi amsa: a wannan shekara wani malamin tarihi ya yi bayanin wata mas'ala ta cocin Katolika ta hanyar da mabiyanta suka ɗauka cin mutunci ne, kwamiti ya janye littafin da ake koyarwa da shi ya kuma sauya wa malamin aiki, 'yan Furotesta suka harzuƙa, sai ga matan da suka jefa ƙuri'a sun tashi daga 'yan ɗaruruwa zuwa fiye da 19,000, aka share 'yan takarar Katolika a wannan zaɓe.

Ana cikin haka girman kwamitin yana ta canzawa. Ya kumbura har ya kai mutum 116, aka rage shi zuwa 24 a 1875, sa'an nan a 1905, da ƙoƙarin wasu attajirai da masu ilmi waɗanda James Storrow ya jagoranta, aka mai da shi mutum 5, waɗanda birnin gaba ɗaya ke zaɓa a matsayin mazaɓa ɗaya. Niyyar masu gyaran ita ce a raba makaranta da 'yan siyasar unguwa masu rabon aiki ga 'yan barandansu, kuma ba za a ce niyyar ba ta da kyau ba. Amma abin da ya biyo baya shi ne duk wanda ke da rinjaye a birnin shi ke kwashe kujerun biyar, ƙaramar unguwa kuwa ko ta haɗa kai kaf ba ta samun ko ɗaya. Rabon aikin ma bai daina ba. Ya zuwa tsakiyar ƙarni na 20 kujerar ta zama matakala: Maurice Tobin daga nan ya hau ya zama magajin gari, ya zama gwamna, ya zama ministan ƙwadago, kuma sananniyar al'ada ce 'yan kwamiti su shirya liyafar girmama kansu, a sayar da tikiti ga malamai da masu shara da sauran ma'aikata, wanda yake fatan ƙarin girma kuwa ya san abin da ya kamace shi.

A cikin wannan hali ne wata mata mai suna Ruth Batson ta fito takara a 1951. An haife ta a unguwar Roxbury a 1921, iyayenta daga Jamaika suka zo, tana da 'ya'ya mata uku a makarantun birnin, ba ta da jam'iyya a bayanta, ba ta da dukiya. Abin da ya fara tayar mata da hankali ƙaramin abu ne a ido: wata ƙawarta farar fata ta ambaci aikin kimiyya da aka ba 'ya'yanta, ita kuwa ta lura ba a koya wa tata 'yar kimiyya sam. Ta yi ƙorafi, ba da jimawa ba aka fara koyar da kimiyya, sai dai da ta bincika ta tarar a ajin 'yarta kaɗai aka fara. A ganina a nan ne darajar wannan mata ta bayyana, domin an biya mata buƙatarta, an toshe mata baki da abin da ta roƙa, kuma da yawa daga cikinmu da mun yi godiya mun koma gida. Ita kuwa sai ta fahimci cewa hukumar da ke iya gyara aji ɗaya don ta rabu da uwa mai surutu ta san sarai abin da sauran azuzuwan suka rasa. Takardar takararta ta roƙi jama'a su zaɓi uwa saboda 'ya'yansu da nata, manufofinta kuwa ba su wuce abin da idon uwa ke gani ba: a kawar da tsofaffin gine-ginen da suka ruɓe, a ba yara abincin rana mai zafi, a kyautata albashin malamai, a koya wa yaran jinsi dabam dabam mutunta juna. Ta sha kaye, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a ƙidayar 1950 baƙar fata ba su wuce kashi 5 cikin ɗari na mutanen birnin ba, kujerun kuwa birni ɗaya ke zaɓensu. Bayan haka ta karɓi jagorancin sashen ilmi na reshen NAACP, babbar ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, ta yi shekara goma tana tara shaida makaranta bayan makaranta: shekarun gini, yawan yara a aji, yawan malaman wucin gadi, kuɗin da ake kashe wa kowane yaro.

Bayan shekara goma da takarar Batson, wata mata ta fito da kusan hujja iri ɗaya. Louise Day Hicks lauya ce, 'yar wani alƙali mai farin jini a South Boston, unguwar jikokin mutanen Ailan, kuma a 1961 ta nemi ƙuri'a a matsayin ita kaɗai ce uwa a cikin 'yan takara, tana alkawarin fitar da siyasa daga makarantu. 'Ya'yanta biyu dai makarantar coci suke zuwa, amma wannan bai hana ta cin zaɓe ba, kuma a 1963 ta zama shugabar kwamitin. Ran 11 ga Yuni na wannan shekara matan biyu suka fuskanci juna a zauren kwamitin. Batson ta gabatar da buƙatu 14, galibinsu na gyaran gini da horar da malamai da littattafai, waɗanda kwamitin ya nuna zai iya dubawa. Amma ta farkonsu ita ce kwamitin ya amsa cewa makarantun birnin a rabe suke bisa launin fata a aikace, ko da babu dokar da ta raba su, kuma a kan wannan aka tsaya cik. Hicks ta ce makarantar unguwa ce, kowa na zuwa ta kusa da gidansa, in yaran Roxbury ba sa ci gaba a dubi gidajen da suka fito. Bayan mako ɗaya ɗalibai wajen 3,000 suka ƙaurace wa aji, a Fabrairun 1964 aka sake da ninkin wannan adadi sau da yawa, wani zaman sulhu da aka yi a tsakani kuma cikin 'yan mintoci Hicks ta buga guduma ta rufe shi. A zaɓen Nuwamban 1963 ita ta zo ta ɗaya da rata mai yawa, Mel King kuwa, baƙar fatan da ya nemi kujera a 1961 da 1963 da 1965, duk sau ukun ya faɗi. 'Yan kwamitin suka karanta ƙuri'un, suka gane abin da ke kawo su.

Ba na shakkar Hicks tana ƙaunar yaran unguwarsu, kuma ba na shakkar matan da suka yi mata layi suna tsoro ne na gaskiya game da nasu. Matsalar ita ce uba ko uwa a kan wannan kujera kamar mai rabon gado ne wanda shi ma yana cikin magada: saninsa da dukiyar ya fi na bare, kuma saboda wannan sanin ake son sa, amma amanar da aka ba shi ta shafi har rabon waɗanda ba ɗakinsu ɗaya ba. Haihuwa tana ba mutum ido da kishi, adalci kuwa sai an nemo shi dabam.

Iyayen Roxbury da suka ga ƙofar zaɓe a rufe sai suka nemi wata. A 1965, shekarar da Martin Luther King ya jagoranci jerin gwano daga Roxbury zuwa tsakiyar birni, shekarar da kuma aka kori wani matashin malami, Jonathan Kozol, don ya karanta wa 'yan aji huɗu waƙar Langston Hughes wadda ba ta cikin manhaja, wani kwamitin bincike na jiha ya ƙirga makarantu 55 da rabonsu ya karkace, 45 daga ciki a Boston suke. Majalisar jiha ta yi doka cewa makarantar da fiye da rabin ɗalibanta ba farar fata ba ne sai an gyara rabonta, in ba haka ba a riƙe kuɗin jiha; kwamitin ya yi shekara tara yana kauce mata ta kotu da jinkiri. A watan Satumba wata uwa mai 'ya'ya biyar, Ellen Jackson, ta haɗa iyaye suka yi karo-karo suka ɗauki hayar motoci, suna kai yara wajen 250 makarantun wasu unguwanni inda akwai kujerun da ba kowa, bisa wata ƙa'ida ta kwamitin da kansa wadda ta halatta haka in iyaye za su ɗauki nauyin sufuri. A 1966 aka kafa shirin METCO mai kai yaran birni makarantun garuruwan kewaye, ya fara da yara 220 da garuruwa 7, Batson ta shugabance shi na wani lokaci, kuma yana aiki har yanzu. Hicks kuwa ta nemi magajin gari a 1967 da taken nan nata na cewa kun san inda na tsaya, Kevin White ya kayar da ita da ƙuri'a wajen 12,000, daga baya ta yi zango ɗaya a majalisar wakilan tarayya.

Ƙarshen jayayyar a kotu aka yi shi. Iyaye baƙar fata suka shigar da ƙara a 1972, kuma ran 21 ga Yuni 1974 alƙalin tarayya W. Arthur Garrity ya yanke hukunci cewa rabuwar makarantun ba ta faɗo daga sama ba, kwamitin ne ya gina ta da gangan, ta wurin da yake dasa sababbin gine-gine, da yadda yake lanƙwasa iyakoki, da hanyar da yake bi wajen tura yara daga ƙaramar makaranta zuwa babba, da izinin sauya makaranta da yake ba farar fata, da yadda yake rarraba malamai. Shaidarsa kuwa mafi yawanta daga rubutattun bayanan zaman kwamitin da kansa ya ɗebo ta. Maganin da ya umarta shi ne a riƙa ɗaukar yara a bas daga unguwa zuwa unguwa. Ran 12 ga Satumba aka buɗe makarantu, a South Boston aka tari motocin yaran Roxbury da duwatsu da kwalabe, 'yan sanda suka yi watanni suna rakiya, aka kama 'yan kwamiti uku da laifin raina kotu a Disamba, a ƙarshen 1975 kuma kotu ta karɓe babbar sakandaren South Boston daga hannun kwamitin ɗungurungum. Hoton nan da duniya ta gani, na wani saurayi yana kai wa lauya baƙar fata Ted Landsmark hari da sandar tutar Amurka a gaban ofishin magajin gari, a Afrilun 1976 aka ɗauke shi.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da masu adawa suke da shi na gaskiya. Makarantun South Boston da Charlestown su ma na talakawa ne, ba wani abin a zo a gani a cikinsu, kuma 'ya'yan masu hali, har da alƙalin da kansa wanda ke zaune a garin Wellesley, suna can bayan iyakar birni inda hukuncin bai kai ba, musamman tunda Kotun Ƙoli, a shari'ar Milliken ta Yulin 1974, ta taƙaita shigar da garuruwan kewaye cikin irin wannan gyara. Talaka da talaka aka haɗa, mai kuɗi yana kallo. Ɗaliban birnin da suka haura 90,000 a farkon shekarun 1970 sun koma ƙasa da 60,000 kafin 1990, wasu sun tafi makarantun coci, wasu sun bar birnin. Amma duk wanda zai ɗora wa alƙalin alhakin wannan, sai ya fara tuna cewa an ba zaɓaɓɓen kwamiti shekara goma sha ɗaya, daga buƙatun Batson zuwa hukuncin, ya yi gyaran da kansa cikin lumana kuma da sauƙin da ya fi wannan, ya ƙi, domin ƙin shi ne ke cin zaɓe.

Guguwar ba ta daɗe ba ta fara lafawa. Elvira Palladino, wata uwa daga East Boston wadda adawa da bas ta kai ta kwamitin a 1975, ta faɗi a 1977, a shekarar da ita ma Hicks ta rasa kujerarta a majalisar birni, a wannan zaɓen ne kuma John O'Bryant ya zama baƙar fata na farko da ya shiga kwamitin tun farkon ƙarnin. A 1981 Jean McGuire ta zama mace baƙar fata ta farko, shekara 30 cif bayan takarar Batson. Daga 1984 aka faɗaɗa kwamitin zuwa mutum 13, tara daga gundumomi, huɗu daga birni gaba ɗaya, wato aka warware kuskuren 1905, kuma ƙananan unguwanni suka sake samun bakin magana.

Wannan kwamiti na mutum 13 shekara takwas kaɗai ya yi. An zarge shi da yawan gardama, da giɓin kasafi, da tsoma baki cikin ɗaukar ma'aikata, kuma zargin ba duka ne ƙarya ba. Magajin gari Raymond Flynn ya nemi a ba shi ikon naɗawa, ya sami ɗan ƙaramin rinjaye a ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1989, majalisar jiha ta amince a 1991, kuma a Janairun 1992 mutum 7 naɗaɗɗu suka karɓi aiki, ana tsamo su daga sunayen da wani kwamitin tantancewa ke miƙa wa magajin gari. Shugabannin baƙar fata da yawa sun yi adawa da wannan, kuma hujjarsu mai nauyi ce: shekara tamanin ana haƙuri da zaɓaɓɓen kwamiti yana ɓarna lokacin da ba su da kowa a ciki, sai da suka fara cin kujeru aka gano zaɓe ba shi da amfani. Masu goyon baya suka ce yanzu an san wanda za a kama in makarantu sun lalace, kuma a 1996 wajen kashi 70 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka zaɓi a bar naɗin yadda yake.

Ra'ayina shi ne an yi wa ciwon maganin da ba nasa ba. Abin da ya ɓata kwamitin Boston tsarin 1905 ne da ya bar rinjaye ya cinye komai, da kuma rashin mai tsawata masa a kan lokaci. Kotu da dokar gundumomi sun riga sun magance waɗannan kafin a soke zaɓen. Uwa irin Ruth Batson, wadda ba ta da kowa a fada, a ƙarƙashin zaɓe tana iya buga takarda ta faɗi ta sake tsayawa, kuma kayenta ma yana tilasta a saurare ta. A ƙarƙashin naɗi kuwa sai ta jira a ga dama da ita. Mutanen birnin ma sun juyo ga wannan ra'ayi, domin a ƙuri'ar jin ra'ayi ta Nuwamban 2021 kusan kashi 79 cikin ɗari sun nemi a dawo da zaɓe, majalisar birni ta amince da ƙudurin a Fabrairun 2023 da ƙuri'a 7 da 5, amma magajiyar gari Michelle Wu ta hau kujerar naƙi, tana mai cewa makarantu na buƙatar kwanciyar hankali a wannan lokaci, kwamitin ya ci gaba da zama na naɗi.